Dawar Gindin Gawo

Mijina Mati mutum ne da ba ya son a riga shi. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, ni kuma haƙorana suka zube, babu mai cewa na yi rashin kunya don na kama sunansa. A ƙauyenmu, can gefen Babban Duhu, shi ne farkon sharar gona, shi ne farkon kai taki, shi ne farkon cin sabon hatsi. In ya ji wani ya riga shi fita da sassafe, ranar ko fura ba ta yi masa daɗi. Ban da wannan ba ni da wani aibu nasa da zan faɗa, amma wannan ɗin kaɗai ya kusa watsa mana gida.

Shekarar da nake faɗi ita ce wadda ta biyo bayan fara. Zamanin Turawa ne. Wani Bature ya zo daga Katsina, aka sa maza suka haƙa ramuka suna kora ɗango, 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba, ciki suna binnewa. Aka binne na binnewa, sauran suka yi fiffike suka sauka a kanmu. Gero ko zangarniya ɗaya ba mu ɗauka ba. Dawa kuwa, ɗan abin da muka tsira da shi bai kai mu tsakiyar rani ba. Muka ci dusa, muka ci yaɗiya, muka ci busasshiyar tafasa har bakinmu ya saba da ɗaci.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba, shi ne iri. Dawa ce kaura, ƙwarya biyu, na gauraya ta da toka na zuba a tulu na liƙe bakin da laka. Akwai ranakun da 'yarmu Ma'u, tana shekara huɗu, za ta yi kukan yunwa har muryarta ta dushe, ni kuwa in zauna in juya wa tulun baya. Na san abin da ke cikinsa ya fi tuwon kwana uku. Mati ya riga ya faɗa mini ƙarara: in gonar nan ba ta ba mu dawa bana ba, shi zai bi masu tafiya haƙar kuza Jos, ni in ɗauki yarinya in koma gidan mahaifina a Zakka, gona kuma mai gari ya ba wani. Na san mazan da suka je can. Wasu sun dawo da tari, wasu ko labarinsu ba a sake ji ba.

Da bazara ta kankama, zafi ya kai inda kaza ke tafiya baki buɗe, sai ga shamuwa mai albishir da damina ta sauka kan tsamiyar ƙofar gari. Mati ya shigo gida yana murmushi, ya ce in fasa bakin tulu, gobe za mu yi binne.

Binne ba baƙon abu ba ne. Ka shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira, ranar da aka yi ruwan farko naka ya riga na kowa tashi. In Allah ya ba ka sa'a ka ci riba. In kuwa aka yi ɗan ruwan da zai tada iri sannan rana ta buɗe, ka yi asara. Shi ya sa mahaifina bai taɓa binne iri duka ba, rabi yake zubawa ya ajiye rabi. Na faɗa wa Mati haka, da lallashi da farko, daga baya ba da lallashi ba. Ya ce ai shi ya sa mutanen Zakka kullum suke cin sabon hatsi bayan kowa ya ƙoshi. Ya ce a irin wannan shekara kwana goma da za mu riga mutane girbi su ne tsakanin rai da mutuwa. A nan yana da gaskiyarsa, ba zan ci masa ita ba. Na fasa bakin tulun raina a ɓace.

Washegari muka fita tun rana ba ta yi zafi ba. Shi yana gaba da sungumi yana sara rami, ni ina baya da ƙwarya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Mati in ya kama sara ba ya waiwaye, tafiya kawai yake kamar ana bin sa bashin gonar. Muka ƙare ƙwarya ta farko kafin hantsi ya yi nisa. Na ɗauko ta biyu, cikina babu komai sai ruwan tsamiya, idona yana ganin abu biyu-biyu.

A tsakiyar gonar akwai wani babban gawo. Da rani Fulani sun kwantar da shanunsu a gindinsa, don haka ƙasar wurin ta zama gari, duk busasshen kashin shanu ne da rairayi da kofato ya tattake. Ina ratsawa ta nan saiwa ta harɗe ni. Na kife, ƙwarya ta yi gefe, fiye da rabin abin da ke ciki ya watse cikin takin nan.

Ban ji zafin gwiwata ba sai daga baya. Na durƙusa ina tsince, amma wa zai iya tsince ƙwayar dawa cikin garin kashin shanu? Duk inda na sa hannu sai ta ƙara nutsewa. Daga can nesa Mati yana kira ba tare da ya juyo ba, wai in yi sauri iska tana cike masa ramuka. Tsoro ya kama ni. Irin da na hana 'yata ci, ga shi na zubar da hannuna, kuma a ranar da na gama yi wa mutum wa'azin tattali. Na kwashi abin da ya kwasu, sauran na sa ƙafa na ja ƙasa da taki na rufe shi ruf, na tattake. Daga nan har ƙarshen gona, maimakon ƙwaya biyar ko shida, uku nake jefawa, wani ramin ma biyu. Da muka gama Mati ya leƙa ƙwarya ya ga babu saura, ya ce kin ga lissafin manomi, daidai wa daida. Na ɗauki ƙwaryar na bi bayansa gida.

Kwana huɗu bayan nan aka yi yayyafi da la'asar. Ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka yi ta tsalle, amma tsofaffin gari ko tulun irinsu ba su duba ba. Sun tona da yatsa sun ga danshin bai wuce gaɓa biyu ba. Wannan ɗan danshin kuwa ya ishi irinmu. Kafin mako ya zagayo gonarmu ta fito layi-layi, kore shar, ita kaɗai a duk karkarar. Mati ya riƙa bi ta ƙofar masallaci da fartanya a kafaɗa ko ba shi da aikin yi, don dai a tambaye shi.

Sai sama ta ɗauke. Kwana goma sha tara ba ko gajimare. Na ga tsiron nan yana naɗe ganye da rana yana buɗewa da safe, sannan ya daina buɗewa, sannan ya koma kamar zaren da aka ƙona. Mati ya daina bi ta ƙofar masallaci. Ni kuma ga baƙin cikin gona, ga abin da na binne a cikina. Har cewa nake a raina, da na jefa shida-shida kila da wani ya rayu, alhali na san ko ɗari na jefa rana ba za ta bar ɗaya ba.

Ranar da ruwan gaske ya sauka, tun daga azahar har kusan magariba, kowa ya yi murna ban da gidanmu. Da gari ya waye duk ƙauyen ya fita shuka, maza da mata. Mu muka zauna muna jin sarar sungumin mutane ta bayan danga. Ban taɓa jin ƙarar da ta ci mini rai kamar wannan ba.

Mati bai kwanta ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sauke girman kansa ya bi gida-gida, amma shekarar bayan fara ce, kowa abin da ya rage masa ya riga ya shiga ƙasa. Ya ja akuyata guda ɗaya ya kai kasuwar Batsari ko zai samu musaya da iri. Abin da ya tarar dawar ci ce da fatake suka kawo daga kudu, duk ƙwari sun huda ta, kuma irin mai jinkiri ce da ba za ta nuna ba kafin ruwanmu ya ɗauke. Ya dawo da akuyar da yamma, su biyun duk a gajiye. A wurin mai gari kuwa akwai angurya da Turawa ke rabawa kyauta don a shuka auduga. Ya karɓo ɗan buhu ya jingine a zaure. Na tambaye shi ko da miyar kuka ake cin ta ko da ta kuɓewa. Na yi nadamar tambayar, don a ranar ne na ga ya ɗauko tsofaffin takalmansa na fata yana ɗinke su. Abokinsa Usaini da wasu mutum biyar sun sa ranar tafiya Jos, kasuwa biyu masu zuwa.

Kwana takwas bayan ruwan, na ja akuya zan ɗaure ta ta yi kiwo. Da damina ba a barin dabba ta kusanci gona, amma tamu me za ta ɓata? Na nufi can da ita, ina tafe ina share hawaye da bakin zane. Muna shiga ta fara fizgar igiya tana ja na wajen gawo. Na zage ta, na zagi uwar da ta haife ta, ta ƙi. Da na ɗaga kai sai na ga abin da take gani.

Gindin gawon nan ya yi kore, faɗin tabarma uku ko fiye, a cunkushe kamar gashin kai. Na ce ciyawa ce. Na matsa na tsuguna, na ga ganyen, na ciro ɗaya, ga ɓawon ƙwayar kaura manne da saiwarsa. Sai a lokacin hankalina ya kawo. Gawo ai da rani yake da ganye, sai damina ta zauna yake zubarwa. Ranar yayyafin nan inuwarsa ta tare ɗan ruwan, taki kuma ya rufe irin da zurfi, bai ji komai ba. Yana nan kwance a bushe har ruwan gaske ya same shi.

Ina cikin wannan tunani akuya ta kai baki ta yagi cike da baki. Dukan da na yi mata ranar, Allah ya yafe mini, ita da ta nuna mini wurin. Na ɗaure ta can nesa a jikin kalgo, na kama hanyar gida da gudu. Sai da na kai ƙofa na tuna cewa ba yadda za a yi in nuna masa abin ban faɗi yadda aka yi ya je can ba. Na tsaya na ɗan lokaci. Sannan na ga takalman nan a gabansa, na shiga.

"Malam, taso ka ga wani abu."

"Mi ne ne kuma?"

"Taso dai. In ka gani ka yi mani faɗan gaba ɗaya."

Ya biyo ni ba don ya so ba. Da muka isa ya tsaya, ya tsuguna, ya shafa tsiron da tafin hannu kamar kan jariri. Sannan ya tambaye ni wa ya shuka dawa a nan, shi dai ya san bai sara rami a gindin itace ba. Na faɗa masa duka, da saiwar, da faɗuwar, da rufewar da na yi da ƙafa, da uku-ukun da na riƙa jefawa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, ya buɗe baki, ya dubi gonarsa da ya shuka da lissafin manomi, fayau ba ko ɗan tsiro, ya dubi inda na yi ɓarna. Ya rufe bakin.

Da ya sake magana, cewa ya yi abin ba zai yi amfani ba. Sun yi yawa a wuri ɗaya, za su kashe juna, ko an bar su kara kawai za su yi. Na ce ba barin su za a yi ba, dashe za mu yi. A Zakka na tashi ina ganin mahaifina, in dawa ta yi tsawon kamu ɗaya, yana cire wadda ta yi yawa a rami ya kai inda ba ta fito ba.

"Hansai, dashe ai na cike gurbi ne. Wa ya taɓa dasa gona sukutum?"

"To gonar taka mi ce ce yanzu in ba gurbi ba?"

Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, irin wadda rabona da ji tun kafin fara. Ya miƙe ya ce in tsaya nan kada in matsa, ya tafi ya ɗauko gatari. Kafin azahar ya saro ƙaya ya kewaye wurin, shinge biyu, ko zomo ba zai ratsa ba.

Sauran aikin jira ne, kuma jira shi ne abin da Mati bai iya ba. Kullum da safe sai ya je ya auna tsiron da yatsu ya dawo ya ce ya isa. Kullum in ce bai isa ba. Muka nome gonar, muka tada kunyoyi, muka bar ta tana jira. Ranar tafiya Usaini ya yi sallama a ƙofar gida da sandarsa da ƙunshinsa. Ina daga ciki ina jin su. Ya ce wa Mati kada ya biye wa maganar mace da 'yar ciyawar gindin gawo, in suka tafi ba zai samu abokan hanya ba sai bayan kaka. Sai na ji Mati ya ce su sauka lafiya, shi yana da shuka. Na zauna a bakin murhu, na san yanzu in dashen bai kama ba, ni ce na hana shi duka biyun.

Dashe ba a yin sa da rana tsaka, sai ƙasa ta sha ruwa sama kuma ta rufe. Allah ya kawo mana irin ranar wata Talata, aka wayi gari ana ruwa siri-siri ba iska. Muka fita cikinsa. Na nuna masa yadda ake kama tsiro daga gindi a ja a hankali kada saiwa ta tsinke, yadda ake yanke kan ganyen don kada ya sha wahalar ɗaukar kansa, yadda ake huda ƙasa da tsinken itace a sa biyu a danne da diddige. Ranar ni ce a gaba, shi yana bina yana tambaya ko haka ne. Sau biyu na sa shi ya tone ya sake. Kwana uku muka yi muna wannan, bayanmu kamar zai karye, har muka rufe kashi biyu cikin uku na gonar. Muka bar kaɗan a gindin gawon, tsakaninsu da tazara.

Wanda bai san dashe ba, in ya ga gonar washegari sai ya yi kuka. Duk ta kwanta, ta yi rawaya, kamar an watsa mata ruwan zafi. Na san haka take yi, na sha gani, amma na gidan mahaifina ne na sha gani, ba wanda rayuwata ke rataye a kai ba. Mati ya je ya dawo ya ce tana nan kwance. Kwana na biyu haka. Na uku haka, har ya fara kallon inda ya rataye takalma. A kwana na huɗu na kasa zuwa, na ce ya je shi kaɗai. Ina tankaɗe dusa sai na ji tafiyarsa da sauri. Ya tsaya a bakin ƙofa, laka har gwiwa, ya ce, "Ta tashi." Na bar rariya a nan na bi shi. Kowane gindi ya miƙe, kuma daga tsakiyarsa ga sabon ganye ya leƙo, ɗan siriri, kore. Na zauna a kan kunya na yi kukan da na daɗe ina riƙewa, shi kuma ya yi kamar yana duba wani abu can gefe.

Maƙwabcin gonarmu, tsoho Ɗanjuma, yana cikin masu yi mana dariya da farko. Da ya ga ta kama, ranar da ya yi cirar tasa dawar, maimakon ya zuba wa awaki kamar kullum, sai ga shi da dami a ka ya sauke a bakin gonarmu, ya ce ko za mu yi wani abu da wannan. Wasu biyu suka yi koyi da shi. Da wannan muka cike sauran. Anguryar ma ba ta tashi a banza ba, mun zuba ta a gefen da ya fi tsakuwa.

Ba zan ce damina ta yi mana sauƙi ba. Mun ci rama da tafasa har Ma'u ta riƙa gudu in ta ga tukunya. Dawar dashe kuma ba ta sauri. Kowa ya yanke tasa ya kai gida, tamu tana tsaye. Mati, wanda bai taɓa yarda a riga shi ba, shi ne na ƙarshen girbi a duk ƙauyen, yana zaune a gona yana korar tsuntsayen da suka rasa wurin zuwa sai wurinmu. Dami ashirin da shida muka ɗaure. Ba ta cika rumbu ba, amma da tattali ta kai mu wata damina. Ranar da na tuƙa tuwon farko, Ma'u ta ci har barci ya kwashe ta hannunta yana cikin akushi. Cikin mutum shida da suka tafi Jos, huɗu ne suka dawo. Usaini yana cikinsu, amma bai ƙara iya riƙe garma yini guda ba.

Da aka gama kai dawa gida, Mati ya zauna a tsakar gida ya zaɓi zangarniyar da ta fi kowace cika, yawanci daga waɗanda muka bari a gindin gawo. Ya sussuke da hannunsa, ya sa na kawo toka. Na kawo tulu, ya ce in ƙaro wani. Ya raba irin biyu daidai, ya liƙe bakin kowanne da laka, ya tura ɗaya gabana.

"Wanga naki ne. Ki kai ɗakinki. Ko rantsuwa na yi, ko shamuwa ɗari ta sauka, kada ki ba ni sai kin tona da hannunki kin ga ruwa ya kai zurfin kamu guda."

Na ɗauka na kai ƙarƙashin gado. Mun yi shekara ashirin da ɗaya tare bayan wannan, kuma bai daina binne ba, hali ai ba ya fita. Sau biyu ya zo bakin ɗakina da bazara yana lallashi, wai bana alamun ruwa sun bambanta, in ba shi ko rabin nawa ne. Duka biyun ban ba shi ba.